Ku Tambaya Mu Amsa: Rasidin jami'a, sakamakon da ya ɓace, da lissafin riba

Wasiƙun wannan fitowa daga Kebbi da Zamfara suke, kuma kusan duka a kan jami'o'in gwamnati. Mun ɗauki biyar daga ciki.

Tambaya: Na biya kuɗin rajistar ɗana a wani shagon intanet, an cire kuɗin, amma shafin jami'ar yana nuna bai biya ba, ga shi an kusa rufe rajista. In sake biya? (Wani mahaifi, Jega)

Amsa: Malam, kada ka sake biya tukuna. Kuɗin da ya shiga asusun gwamnati sau biyu, fito da shi aiki ne na watanni.

Tun 2015 da aka tilasta Asusun Bai-Ɗaya na gwamnatin tarayya, kuɗin jami'o'in tarayya yana bi ta Remita ne, wato shafin biyan kuɗi na intanet, zuwa Babban Bankin Nijeriya. Kowane biya yana da lambarsa mai alƙaluma 12, wadda ake kira RRR. Da ita za ka fara. Ka shigar da lambar a shafin Remita, wurin duba matsayin biya, za ta nuna maka ko kuɗin ya shiga ko bai shiga ba.

In ta nuna ya shiga, matsalar tsakanin Remita da shafin jami'a take. Sau da yawa shafin ɗalibi yana da maɓallin tabbatar da biya, kuma sai an danna shi rajista ke buɗewa. In an danna bai yi ba, mai yiwuwa mai shagon ya ciro lambar ne kai tsaye daga Remita, ba daga cikin shafin ɗanka ba. Kuɗin ya isa jami'a, amma shafin bai san na wane ne ba. Haka abin yake in an zaɓi shekarar karatu da ba ita ba, ko an biya a gurbin kuɗin ɗakin kwana. Yaron ya buga rasidin Remita kwafi biyu, ya kai ofishin bursa, wato ofishin kuɗi na jami'a, a tantance a buga hatimi, sannan ya kai sashen kwamfuta su haɗa biyan da lambarsa ta ɗalibi.

In kuwa ta nuna ba a biya ba, sai a duba asusun wa aka cire kuɗin. Akwai masu shago da ke karɓar kuɗi a hannu su miƙa wa mutum takardar neman biya a matsayin rasidi, domin dukansu suna ɗauke da lambar RRR kuma sun yi kama. Idan daga asusunka aka cire, bankinka za ka kai wa ƙorafi a rubuce, ka karɓi lambar ƙorafin. In mako biyu ya wuce ba su warware ba, kana da damar kai ƙara sashen kare haƙƙin abokan ciniki na Babban Banki. Kafin nan yaron ya rubuta wa magatakardar jami'a ta hannun shugaban sashensa, ya nemi kada a ɗora masa tarar jinkirin rajista. Wasu jami'o'in jiha ba Remita suke amfani da ita ba, amma matakan ba su sauya ba.

Tambaya: Ina aji uku. Na rubuta jarrabawar wani kwas, da sakamako ya fito sai aka sa ban zauna ba. Malamin ya ce in ga jami'in jarrabawa, shi kuma ya ce in koma wurin malamin. Wata biyu ke nan. (Wata ɗaliba, Gusau)

Amsa: Malama, wata biyu kina yawo ne saboda da baki kike bin maganar. A babbar jami'a, abin da ba a rubuta ba kamar ba a faɗe shi ba ne, kuma ba lallai don mugunta ba. Malamin da ke da ɗalibai ɗaruruwa a kwas ɗaya ba zai tuna fuskarki ba da zarar kin fita ofishinsa.

Ki fara sanin hanyar da sakamako ke bi. Malami yana haɗa makin gwaji, wanda yawanci 30 ne ko 40, da makin jarrabawa, 70 ko 60. Ya miƙa wa jami'in jarrabawa na sashe. Daga nan sai zaman malaman sashe, sai zaman tsangaya, sai majalisar malaman jami'a da ake kira Sanet, wadda ita ce mai amincewar ƙarshe. Kafin takarda ta kai Sanet, gyara abu ne mai sauƙi. Bayan ta wuce, sai gyaran ya sake bin duk waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya, kuma Sanet ba kullum take zama ba. Shi ya sa jinkiri ke da tsada.

Abin da ke ɓatar da sakamako bai cika wuce waɗannan ba: kuskuren alƙalami ɗaya a lambar ɗalibi a kan takardar amsa, rubuta kwas ɗin da ba ya cikin fom ɗin rajista, yin rajista a makare bayan an riga an buga jerin sunaye an ba malami, ko kwas na wani sashe da makinsa ya tsaya can bai ƙetaro ba. Kwasa-kwasan gama-gari da dukan ɗaliban aji ke ɗauka su suka fi wannan matsala.

Ki rubuta wasiƙa shafi ɗaya zuwa ga shugaban sashe, ta hannun malamin da ke kula da ajinku. Ki sa cikakken suna, lambar ɗalibi, lamba da sunan kwas, shekarar karatu da zango, ranar jarrabawar da ɗakin da aka yi ta. Ki liƙa fotokwafin fom ɗin kwasa-kwasai mai sa hannu, da katin jarrabawa in mai tsaro ya sa masa hannu a ranar. Abin da za ki roƙa guda biyu ne: a duba takardar da kuka sa hannu a ɗakin jarrabawa, a kuma nemo takardar amsarki. Wannan takardar sa hannu ita ce shedarki mafi ƙarfi. In sunanki na kanta, nauyin nemo makin ya koma kan sashe. Kada ki cika wasiƙar da zargi, ba ya ƙara mata sauri.

Ki yi kwafi biyu. Sakataren sashe ya buga wa naki hatimin karɓa da kwanan wata, ki adana. Bayan mako biyu ba labari, ki rubuta wa shugaban tsangaya ki haɗa da wannan kwafi. Jami'o'in tarayya suna da ofishin SERVICOM da aikinsa ke nan karɓar irin wannan kuka. A waje kuma akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda ke da ofishi a kowace jiha, har da Gusau, kuma ba a biyan ko kwabo. Amma ita ce zangon ƙarshe, kada ki tsallake na ciki.

Don ki ga girman abin: a ce kin ɗauki yunit 20 a zangon, wato jimlar nauyin kwasa-kwasanki, kin ci B a komai. B maki 4 ne a kan kowane yunit, jimla 80, matsakaici 4.00. In kwas mai yunit 3 ya koma sifili, an zabge 12, saura 68, matsakaici 3.40. Digiri mai daraja ta biyu babba daga 3.50 yake farawa. Kwas ɗaya ya isa ya sauko da zango guda daga wannan mataki.

Shawara ta ƙarshe ba daɗi gare ta ba. In lokacin sabuwar rajista ya zo ba a gyara ba, ki sake yin rajistar kwas ɗin, ki ci gaba da bin ƙorafinki. Iyakar abin da ake yarda ɗalibi ya ɗauka a zango yawanci yunit 24 ne, saboda haka in kika bar shi har ajin ƙarshe yana iya rasa gurbi, ya jawo miki ƙarin shekara. Wanda duk ya ce ki kawo wani abu ya gyara miki a kwamfuta, ki rabu da shi. Makin da bai bi ta Sanet ba, ranar tantancewar kammalawa asirinsa ke tonuwa.

Tambaya: Na gama, sakamakona ya fita, abokaina sun tafi hidimar ƙasa, ni shafin NYSC ya ƙi karɓata. (Wani matashi, Yawuri)

Amsa: Jerin suna biyu NYSC ke dubawa: wanda jami'a ta aika bayan amincewar Sanet, da na ɗaliban da JAMB ta san da shigarsu. Dole ka kasance a duka biyun, kuma bayanan su dace. Ka duba kanka a shafin NYSC da shafin JAMB, za ka ga wanne ne ya ƙi.

In na jami'a ne, ofishin harkokin ɗalibai za ka je, wurin jami'in da ke tura sunaye, da takardar sakamakonka. In na JAMB ne, yawanci ɗayan biyu ne: ko an sauya maka kwas a cikin jami'a ba a sanar da JAMB ba, ko an ɗauke ka ba ta CAPS ba, wato tsarin ɗaukar ɗalibai na JAMB da aka fara a 2017. Ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'arku ne zai fara rubuta wa JAMB, sannan ka je ofishin JAMB na Birnin Kebbi. Sai ka yi haƙuri, mai yiwuwa rukunin gaba za ka bi. Wanda ya haura shekara 30 a ranar kammalawa kuwa takardar yafewa ake ba shi, ba ya zuwa sansani.

Ga 'yan ajin farko: tun ran gini tun ran zane. Ku buga takardar ɗauka ta JAMB yanzu, ku tabbata suna da kwas da ranar haihuwa ɗaya suke a JAMB da NIN da takardar WAEC ko NECO.

Tambaya: Shinkafa nake sayarwa in biya wa ɗiyata karatu. Wasu na cewa jami'ar gwamnati ɓata lokaci ce. Shin kuɗin yana biyan kansa? Kuma ta tsaya kusa da gida ko ta tafi babba? (Wani manomi, Argungu)

Amsa: Baba, a ganinmu yana biya, amma ba a kowane kwas ba, kuma ba in an bar yarinya ita kaɗai da takardu ba.

Kuɗin rajista, duk da ƙarin da jami'o'i da yawa suka yi tun 2023, ba shi ne babban kashi ba. Abinci, ɗaki, kuɗin mota, buga takardu da aikin binciken ajin ƙarshe su ke cin buhunan. Saboda haka lissafin da ya kamata ka yi shi ne na shekara: abin da za ta ci a shekara ɗaya, sau yawan shekarun kwas, sannan ka ƙara shekara guda ta ko-ta-kwana. Yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ajin ya tsaya, kuɗin haya bai tsaya ba. Abin da jami'a mai zaman kanta ke sayarwa da tsada shi ne tabbacin ranar gamawa, ba lallai malamai da suka fi ba.

Kafin ka sayar da buhu ko ɗaya, a bincika ko Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta amince da wannan kwas a wannan jami'a. Amincewar kwas-kwas ake bayarwa, ba jami'a ɗungurungum ba. Likitanci da jinya da injiniya da lauya kuma suna da hukumominsu na sana'a da su ma sai sun amince, wasunsu har da ƙayyade adadin ɗalibai. Inda aka ɗebi fiye da adadin, waɗanda suka gama sukan yi zaman jiran layi kafin rantsarwa ko Makarantar Lauyoyi.

Maganar nesa da kusa. Ahmadu Bello ta Zariya tun 1962 take, Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato tun 1975. Suna da tsofaffin malamai da ɗakunan karatu da asibitocin koyarwa, kuma suna da cunkoson da ke sa takarda ta kwana a tebur. Na tarayya da ke Birnin Kebbi da Gusau an kafa su a 2013, ta jiha a Aliero a 2006, ga ta noma a Zuru. In kwas ɗin da take so yana nan kusa kuma yana da cikakkiyar amincewa, mu dai kusa za mu zaɓa. Kuɗin mota ya ragu, hankali ya kwanta game da hanya, garin tuwo da shinkafa daga gida suke zuwa, kuma in takarda ta maƙale kai da kanka kana iya zuwa ka dawo a yini.

Ka sa ta buga maka jerin abin da kuɗin rajistar ya ƙunsa. Akwai kuɗin asibiti a ciki, da na ɗakin karatu da na intanet. Ɗalibai da yawa ba sa yin katin asibitin jami'a, sai zazzaɓi ya kama su su tafi kemis su sake biyan abin da iyaye suka riga suka biya.

Akwai kuma bashin karatu na NELFUND da aka buɗe a watan Mayun 2024. Ba kuɗin ruwa a kansa. Kuɗin rajista jami'a ake tura wa kai tsaye, ɗalibin da ya nema kuma ana ba shi naira 20,000 a wata. Ana fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa, kashi 10 cikin ɗari na abin da mutum ke samu. Ana neman lambar JAMB da NIN da BVN da lambar ɗalibi, kuma sai jami'a ta tura bayanan ɗalibanta kafin shafin ya gane su. Bashi ne dai, ku zauna ku yi shawara a gida. In ka riga ka biya kafin kuɗinsu ya iso, jami'a ce za ta mayar maka da naka, kuma rasidin Remita za ta tambaya.

Tambaya: Ina son takardar cikakken sakamako don neman digiri na biyu. Wata nawa take ɗauka? (Wani malamin firamare, Ƙaura Namoda)

Amsa: Malam, ka fara nema wata uku kafin ranar rufewa. Ba a hannunka ake ba da ta hukuma ba, jami'a ce ke aika wa jami'a, don haka ka ba da adireshi ko imel na makarantar da za ta karɓa daidai yadda suka rubuta shi. Inda ta fi maƙalewa shi ne sashenku, wurin tattara makin tsofaffin shekaru, ba ofishin da ka biya kuɗi ba. Bayan ka biya, ka tambayi ranar da fayil ɗinka ya bar ofishin adana sakamako da wanda ya sa hannu ya karɓa a sashe, ka bi shi can.