Littattafan gyaran zuciya da na sanin hayyaci: amsa ga mai tambaya

Wa alaikumus salam, ƙanina. Ka ce ka karanta The Power of Now na Eckhart Tolle ya taɓa ka, amma hankalinka bai kwanta da shi ba ta fuskar aƙida. Kana so a nuna maka littattafan da za su taimake ka wajen gyaran zuciya, da kuma waɗanda za su gaya maka mene ne wannan abu da ke cikin mutum, mai gani, mai ji, wanda ya san yana nan, wato hayyaci. Ka kuma tambaya ko masana kimiyya sun riga sun gano shi.

Buƙata biyu ka haɗa wuri guda, kuma kowace da littattafanta. Na daɗe ina karatu a fannonin biyu, wani ni kaɗai, wani tare da abokai, kuma abin da zan fi nanata maka shi ne kada ka ɗora wa ɗaya aikin ɗaya. Littafin ƙwaƙwalwa ba zai rage maka hassada ba. Littafin tarbiyya kuma ba zai gaya maka abin da allurar barci take yi wa mutum a ɗakin tiyata ba. Marubucin da ya yi maka alkawarin duka biyun a ɗan littafi guda, da shi ya kamata ka fi yin hattara.

Ta ɓangaren zuciya, Imam Gazali nake fara nuna wa kowa, amma ba Ihya'u ba tukuna. Fara da ƙaramin littafinsa Almunƙizu minad Dalal, inda ya ba da labarin kansa. Malami ne da ke koyar da ɗalibai wajen 300 a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, masu mulki na girmama shi, sai a shekarar 1095 ya binciki niyyarsa ya tarar son suna da matsayi ne ke tafiyar da shi. Kusan wata shida yana tufka da warwara, ya tafi ko ya zauna, har harshensa ya ɗaure, ya kasa furta kalma a gaban ɗalibai, jiki ya yi rauni. Likitoci suka ce ciwon daga zuciya ya taso. Daga ƙarshe ya bar kujerar, ya nufi Dimashƙa, da Ƙudus, da Makka, ya yi wajen shekara 10 a keɓe. A littafin nan za ka ga ya taɓa shiga irin tambayarka. Ya tuhumi idonsa, domin ido na ganin inuwa a tsaye alhali tafiya take, yana ganin tauraro kamar ɗan tsabar kuɗi alhali ya fi duniya girma. Ya tambayi kansa: tunda mai mafarki yakan gaskata abin da yake gani har sai ya farka, me zai tabbatar mini cewa farken nan nawa babu wani farke a bayansa? Kuma a nan ya faɗi maganar da ta zama mini ma'auni, cewa akwai rata mai faɗi tsakanin mutum ya san bayanin lafiya da ya zama lafiyayye.

In ka gama shi sai ka shiga Ihya'u Ulumid Din, amma kada ka ce daga bangon farko za ka kama. Littattafai 40 ne a ciki, an kasa su huɗu: ibadu, al'amuran yau da kullum, halaye masu halakarwa, da masu tseratarwa. Wuce kai tsaye zuwa na 21, wanda ya yi sharhin abubuwan al'ajabi na zuciya. Abin da ya burge ka a wajen Tolle, wato cewa kai daban tunanin da ke gilma maka daban, kuma kana iya tsayawa ka kalle shi, yana nan, kuma Gazali ya fi shi fayyace shi. Ya ce kafin mutum ya aikata abu, matakai huɗu ake bi. Da farko tunani ya faɗo, sannan sha'awa ta motsa, sannan zuciya ta yanke cewa ya kamata a yi, sannan a ƙulla niyya. Biyun farko ba a kama bawa da su, domin ba da zaɓinsa suka zo ba. Wannan bayani kaɗai na ga ya sauke wa mutane nauyi mai yawa, musamman masu fama da waswasi, waɗanda ke ɗaukar duk mummunan tunanin da ya faɗo musu a matsayin shaidar lalacewarsu. Ni kuma ya koya mini inda ake tare fushi. Akwai ɗan tsakani ƙanƙane daga lokacin da magana ta soke ka zuwa lokacin da ka yanke za ka rama, kuma da yawan lura yakan faɗaɗa.

Na san a cikinmu akwai masu ɗari-ɗari da Ihya'u saboda raunanan hadisai, kuma maganarsu tana da tushe. Hafiz Al'iraƙi, wanda ya rasu a 1404, ya bi hadisan littafin ɗaya bayan ɗaya ya bayyana matsayinsu, kuma bugu da yawa suna ɗauke da aikinsa a ƙasan shafi. Nemi irin wannan bugun. In kuma ka fi son wanda aka tace, ga Mukhtasaru Minhajil Ƙasidin na Ibnu Ƙudama, taƙaitawa ce ta taƙaitawar da Ibnul Jauzi ya yi wa Ihya'u. Bai kai uwar zurfi ba, amma ya isa mai farawa.

Alhikam na Ibnu Aɗa'illah, mutumin Iskandariyya da ya rasu a 1309, shi ba a karanta shi da gudu. Gajerun jimloli ne, kowace sai an zauna da ita. Ta farko ma tana cewa alamar mutum ya dogara da aikinsa ita ce fatansa ya ragu idan ya yi tuntuɓe. Duk wanda ya taɓa dagewa da tsayuwar dare, sannan ya faɗa wani zunubi ya ji kamar shi ke nan an rufe masa ƙofa, ya san inda maganar ta dosa. Ka haɗa shi da sharhi, ko na Ibnu Abbad ko na Ibnu Ajiba, ko ka karanta a gaban malami, domin akwai wuraren da mai karatu shi kaɗai zai fahimce su a baibai. Madarijus Salikin na Ibnul Ƙayyim kuwa, sharhi ne a kan matakai 100 da Alharawi ya jera na masu tafiya zuwa ga Allah. Ka ajiye shi sai gaba. Yana da tsawo, kuma babin tuba kaɗai zai riƙe ka lokaci mai yawa.

Shi Tolle fa? Ba zan ce maka babu komai a cikinsa ba. Littafin nasa ya fito a 1997, kuma miliyoyin da suka saye shi sun saya ne saboda ya kama wani ciwo na gaske: mutum yana zaune amma hankalinsa na jiya ko na gobe, bai taɓa halartar inda yake ba. Mai sallah ya san wannan ciwon sarai. Inda nake rabuwa da shi shi ne ya tsinto daga addinin Buda da Kiristanci da wasu, ya narkar da su, ya fitar da wani abu da babu umarni, babu hani, babu hisabi a cikinsa, har ma yakan kauce wa ambaton Allah ya sa wata kalma a gurbin. Natsuwa ce manufarsa ta ƙarshe. A wajen su Gazali kuwa natsuwa hanya ce, ana nemanta domin a tsaya gaban Ubangiji da zuciya halartacciya, a kuma daina cutar da bayinsa. Ɗari-ɗarin da ka ji, a ganina, daga nan ya taso, kuma yana kan hanya. Wanda zan ce ka guje shi gaba ɗaya shi ne The Secret na 2006 da ire-irensa, masu cewa tunaninka ne ke jawo maka arziki ko cuta, suna jingina zancen da kimiyyar ƙwayar zarra. Kimiyyar ba ta faɗi haka ba. Kuma ƙarshen maganarsu shi ne matalauci da majinyaci su suka jawo wa kansu, wanda zalunci ne a gaya wa mai ciwo.

Yanzu batun hayyaci. Abin da ya tura ni wannan karatu tiyata ce aka yi mini da allurar barci. Mai barci in ya tashi yakan ji cewa lokaci ya wuce, ko da bai san nawa ba. A nan babu wannan. Ana cewa in ja numfashi, sai kawai na ji ana kiran sunana, tsakanin biyun babu duhu, babu mafarki, babu ko "babu". Jikina na nan, zuciya na bugawa, to ni ina na tafi? Daga baya na tarar Anil Seth, masanin ƙwaƙwalwa a Ingila, da irin wannan labarin ya buɗe littafinsa Being You na 2021. Shi zan ba ka shawara ka fara da shi a wannan fanni, domin yana da sauƙin bi. Ra'ayinsa shi ne ƙwaƙwalwa ba ta karɓar duniya yadda take, hasashe take yi kullum, saƙon ido da kunne kuma yana gyara mata hasashen. Ka dai sani cewa shi a jiki yake neman bayanin komai, ruhi ba ya cikin lissafinsa. Karanta shi da wannan sanin, za ka amfana.

Tambayar kanta tsohuwa ce. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya kawo wani misali a littafinsa Asshifa. Ka ƙaddara an halicci mutum yanzun nan, cikakke, a rataye a sarari, an rufe masa ido, gaɓoɓinsa ba sa taɓa juna, ba ya jin ko iska. Zai san yana nan? Ibnu Sina ya ce ƙwarai zai sani, alhali bai san yana da hannu ko ƙafa ba, don haka sanin kai ya riga sanin jiki. Wajen shekara 600 bayansa Descartes na Faransa ya zo da magana mai kama da ita. A 1974 masanin falsafa Thomas Nagel ya rubuta wata gajeriyar maƙala a kan jemage: ko ka san komai game da yadda yake gane hanya da amsa-kuwwar sautinsa, ba ka san yadda zama jemage yake daga ciki ba. David Chalmers, shi ma masanin falsafa, ya ɗora a kai a littafinsa The Conscious Mind na 1996. Ya ce bayyana yadda ƙwaƙwalwa ke rarrabe launi ko adana tunani aiki ne da bincike zai iya, amma me ya sa duk wannan aiki yake zuwa tare da ji, me ya sa ba a duhu yake gudana ba kamar na kwamfuta? Littafin na da nauyi, ba dole ka gama shi ba, surorin farko sun wadatar.

Kimiyya ta gano abubuwa na gaske, kada wani ya raina mata. A 2006 masanin ƙwaƙwalwa Adrian Owen da abokan aikinsa a Kambirij suka sa wata mata 'yar shekara 23 cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Hatsarin mota ya bar ta ido buɗe amma ba ta amsa komai, likitoci sun ɗauka babu kowa a ciki. Aka ce mata ta raya a ranta tana wasan tanis, sai sashen da ke tsara motsi ya kama aiki kamar na mai lafiya. Aka ce ta raya tana zaga ɗakunan gidanta, wani sashe daban ya amsa. Tana ji, tana fahimta. A wani bincike na 2010 an gwada majinyata 54, biyar suka iya haka, ɗaya ma har ya amsa tambayoyin i ko a'a. Owen ya ba da labarin a Into the Gray Zone, kuma tun da na karanta shi na sake yadda nake magana a gefen gadon mara lafiyar da ba ya motsi. Amma asalin tambayar tana nan inda take. A 1998 Christof Koch, wani masanin ƙwaƙwalwa, ya ci alwashi ga Chalmers cewa nan da shekara 25 za a gano takamaiman alamar hayyaci a ƙwaƙwalwa. A 2023 ya fito gaban jama'a ya amsa cewa ba a gano ba.

Za ka ji masu ɗauko wannan su ce ai ga shi kimiyya ta tabbatar da ayar Suratul Isra'i, aya ta 85, cewa ruhi na daga al'amarin Ubangiji. Ina roƙonka kada ka bi wannan hanya. Ayar ba ta jiran ɗakin gwaji ya sa mata hannu, kuma wanda ya rataye imaninsa a kan giɓin da ke cikin bincike, ranar da aka cike wani sashe na giɓin zai girgiza a banza. In kana son littafin da ya tsaya tsakanin fannonin biyu da adalci, ga The Varieties of Religious Experience na William James, na 1902. Likita ne kuma masanin halayyar ɗan Adam, ya tattara bayanan masu ibada daga addinai daban-daban ya saurare su da girmamawa, har ya ciro dogon nassi daga Almunƙizu na Gazali. Shi ma hukuncinsa shi ne a auna irin waɗannan halaye da abin da suka haifar a rayuwar mai su.

Littattafan hayyaci kana iya karanta su yadda ka ga dama, ka yi gardama da su, ka ajiye. Na zuciya kuwa ɗaya-ɗaya ake ɗauka. Abin da ya yi mana amfani ni da abokan karatuna shi ne mu karanta kaɗan, kowa ya zaɓi abu guda da zai lura da shi a kansa har mu sake haɗuwa, kamar giba, ko katse mutane suna magana, ko jin zafi idan an yabi wani. Daɗin da ake ji lokacin karatu ba abin dogaro ba ne, yakan zo ya tafi. Mutanen gidanka da abokan aikinka za su riga ka sanin ko littafi ya yi maka aiki.

Sai abu guda da ban so in bari. Idan abin da ya kawo ka wannan nema baƙin ciki ne mai nauyi, ko rashin barci, ko kana jin kamar kai ba kai ba ne, duniya kamar mafarki, to ka ga likita tare da karatun, kuma ka dakata da doguwar keɓewa da zurfafa tunani a kan "wane ne ni". Masu bincike a Jami'ar Brown ta Amurka sun wallafa a 2017 bayanan mutanen da tsananin zaman tunani ya jefa su cikin firgici da irin wannan ji na rabuwa da kai. Malaman tarbiyya ma tun da can ba sa barin almajiri ya shiga halwa ba tare da mai duba shi ba. In Larabcinka bai yi ƙarfi ba, Almunƙizu da littafi na 21 na Ihya'u da Alhikam duk an fassara su zuwa Turanci, kuma ba su da wuyar samu. Allah ya yi mana jagora.