Kamfanin Sierra: daga teburin gida zuwa rufe ofis

Tambaya: Malam, da gaske ne mata da miji suka kafa kamfanin wasannin kwamfuta na Sierra a gidansu? Yaya suka yi da hotuna a kwamfutocin wancan zamani, kuma me ya karya kamfanin?

Amsa: Gaskiya ne, ɗan'uwa. Ken Williams da matarsa Roberta suka kafa shi a jihar Kalifoniya ta Amurka a 1979, da sunan On-Line Systems. Sai a 1982 ya koma Sierra On-Line. Wasansu na farko, Mystery House, ya fito a 1980 a kan kwamfutar Apple II. Ita ta tsara labarin da zane, shi ya rubuta manhajar. A 'yar leda suke saka faifan tare da takardar bayani, su sayar a kan dala 24.95.

Batun hotunan shi ne abin burgewa. Hoto guda mai cika allon Apple II yana cin kilobayit 8, wasan kuma na da hotuna wajen 70, wato kusan kilobayit 560 ke nan, alhali faifan lokacin bai wuce 140 ba. Sai Ken ya ƙi ajiye hoton kansa, ya ajiye umarnin zana shi: ja layi daga wannan ɗigo zuwa wancan. Shi ya sa mai wasa ke ganin ɗaki yana zanuwa a gabansa layi bayan layi. A ganinmu wannan dabarar ce ta gina kamfanin, domin kafin nan irin waɗannan wasanni rubutu ne zalla.

Sun ji jiki a 1983. Sun zuba kuɗi a wasannin katirij (ɗan akwatin da ke ɗauke da wasa, wanda ake cusawa a jikin na'ura), kasuwa ta faɗi, kaya suka yi kwantai, kuma katirij ba kamar faifai ba ne da za a goge a sake amfani da shi. Dole aka sallami ma'aikata da yawa. King's Quest na 1984, wanda IBM ta biya kuɗinsa domin kwamfutarta PCjr, shi ya cece su, ko da yake PCjr ɗin ba ta samu kasuwa ba. Sai da aka mayar da wasan kan kwamfutar Tandy 1000 da makamantanta ciniki ya buɗe.

Karyewar kuwa daga sama ta zo. A 1996 aka sayar da Sierra ga kamfanin CUC International, wanda ya haɗe da wani kamfani ya zama Cendant. A 1998 aka bankaɗo maguɗi a lissafin kuɗin CUC, aka sayar da sashen wasanni ga kamfanin Havas na Faransa, sannan a Fabrairun 1999 aka rufe tsohon ofishin Sierra na garin Oakhurst a Kalifoniya.