Me ya sa jan ƙarfe da bifiridin suka ba ni gari maimakon murabba'i?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, ina karatun kimiyyar sinadarai a nan Maraɗi. An koya mana cewa a fannin sufuramolekula ana harhaɗa molekul da juna ta hanyar ƙarfe ko ta ɗaurin haidirojin. Na karanta yadda Fujita ya haɗa murabba'i da 4,4'-bifiridin, sai na gwada da naitiret na jan ƙarfe, tunda shi muke da shi. Ina zubawa sai ga shuɗin gari ya kwanta, ko kiristal ɗaya ban samu ba. Ina matsalar take, kuma ina ɗaurin haidirojin ya shigo?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƴata. Matsalar ba daga hannunki take ba, daga ƙarfen da kika musanya ne.

Abin da Makoto Fujita, masanin sinadarai ɗan Japan, ya yi a 1990 da faladiyom ya yi shi. Pd2+ yana karɓar ligan, wato molekul masu kama ƙarfe, guda huɗu a shimfiɗe, digiri 90 tsakanin kowane biyu. Kafin ya kawo bifiridin, sai da ya toshe gurbi biyu na maƙwabtaka da wani ligan mai suna etilindayamin, ya rage biyu kacal a buɗe. Shi kuma bifiridin sanda ne miƙaƙƙe, da naitirojin a kowane baki. Kusurwa huɗu da sanda huɗu, a cikin ruwa, adadinsu daidai wa daida, suka rufe kansu suka zama murabba'i. Ke kuwa Cu2+ ɗinki ba a toshe masa komai ba. Yana iya ɗaukar ligan har shida, huɗu kusa biyu nesa, don haka kowane bifiridin ya kama jan ƙarfe ta nan, ya kama wani ta can, abin ya yi ta tafiya babu iyaka. Wannan garin folima ce, wato doguwar sarƙa ta ƙarfe da ligan, dangin kayan da suka sa aka bai wa Kitagawa, Robson da Yaghi kyautar Nobel a 2025. Kada ki zubar da shi.

Akwai abu na biyu da ɗalibai ke yawan tsallakewa: dole ɗaurin ya iya kwancewa ya sake ɗauruwa. Ta haka ne guntun da ya kama ba daidai ba yake saki ya koma mazauninsa. Da aka maye gurbin faladiyom da filatinom, wanda ke da nauyin saki, sai da aka yi makonni ana dafawa a digiri 100 kafin murabba'in ya fito. A naki gwajin jan ƙarfe na da saurin saki, amma garin ya riga ya fice daga ruwan, gyara kuwa a narke ake yin sa.

To ɗaurin haidirojin fa? Shi ba ƙarfe a cikinsa. Haidirojin da ke manne da oksijin ko naitirojin ne yake jawo wani oksijin ko naitirojin na kusa. Tsakanin molekul biyu na ruwa ƙarfinsa kusan kilojul 20 ne a kowane mol, alhali ɗaurin kabon da kabon ya kai wajen 350. Na ƙarfe da ligan galibi yana tsakaninsu. Guda ɗaya ba ya riƙe komai, sai an jera su, kamar kaba a tabarma. Shi ya sa a cikin haruffan DNA, G da C masu ɗauri uku suka fi A da T masu biyu wuyar rabuwa, kuma shi ya sa rukunin Bert Meijer a 1997 suka jera huɗu suka sami folima mai riƙe kanta. Amma wannan a kulorofom ne. Ki zuba ruwa ko sinadarin narkarwa na DMSO, sai su riƙa ƙwace guraben, ginin ya raunana. Ni a ganina wannan ne ma'aunin zaɓi: in aikin cikin ruwa ne, ki dogara da ƙarfe wajen fitar da siffa, ki bar wa haidirojin aikin jera abin da ƙarfen ya gina. A cikin garinki ma haka lamarin kan kasance, domin ruwan da ya kama jan ƙarfe yakan miƙa haidirojinsa ga oksijin ɗin naitiret. A jininmu kuma ƙarfen himogulobin ne ke kama oksijin, sannan wani histidin na kusa, wato guntun furotin ɗin, ya tallabe shi da ɗaurin haidirojin.

In kiristal kike so, ki hana su haɗuwa da gaggawa. Ki narkar da miligiram 24 na naitiret ɗin jan ƙarfe mai ruwa uku, wato milimol 0.1, a ruwa mililita 3, ki zuba a siririn bututun gwaji. A kansa ki kwantar da mililita 2 na ruwa da etanol rabi da rabi, a hankali ta jikin bututun. A sama ki ɗora miligiram 16 na bifiridin a etanol mililita 3. Ki toshe, ki ajiye, kada ki taɓa sai bayan mako ɗaya ko biyu. A tsakiya, inda suke haɗuwa, kiristal zai fara. In gari ya sake fitowa, ki rage yawan sinadaran zuwa rabi, ki ƙara kaurin ruwan tsakiyar.

Kada ki ɗiga asid: haidirojinsa zai zauna a kan naitirojin ɗin bifiridin, ƙarfe ya rasa inda zai kama. Kada kuma ki sa soda, domin haidiroksaid ɗin jan ƙarfe zai kwanta, shi ma shuɗi ne, sai ya ruɗe ki. In kika ga wata takarda ta ce a yi amfani da gishirin fakulorat, ki ƙyale shi. Busasshensa tare da ligan yana iya fashewa.

Sai zafin garinku. A watan Afrilu da Mayu Maraɗi kan wuce digiri 40, sinadarin narkarwa na daikulorometen kuwa a 40 yake tafasa, na dayetil ita (diethyl ether) a 35. Duk hanyar da ta dogara da waɗannan biyun, ki bar ta sai sanyin hunturu. Firjin da wuta ke ɗaukewa tana dawowa ma ba zai taimaka ba, don hawa da saukar zafi na narkar da ƙananan kiristal. Ki tsayar da bututun cikin kwalba mai murfi, ki nutsa rabinta a randa mai ruwa, a ɗakin da ba a yawan shiga.