Shin mutane na sayen rediyon dijital kuwa?

Malam ka tambaya ko da gaske jama'a sun rungumi rediyon DAB, wato rediyon dijital da ake so ya maye gurbin FM, ko dai surutun kamfanoni ne kawai. Ni dai a ganina yawanci ba da son ransu suka saya ba, tura su aka yi. Dubi Norwe, a 2017 suka kashe FM na manyan tashoshin ƙasa, to dole mutum ya sayi sabon akwati ko ya sa adafta a motarsa, kuma har yau ƙananan tashoshi suna nan a FM. Tarayyar Turai kuma tun Disambar 2020 ta wajabta sa DAB a sabbin motoci, kaga wanda ya sayi mota sai a lissafa shi cikin masu DAB alhali bai taɓa nema ba.

Finlan kuwa ta rufe nata DAB ɗin tun 2005.

Ingila ce gaskiya abin ya karɓu sosai, BBC ta fara tun 1995, amma ko can sun ce FM na nan aƙalla zuwa 2030. Abin da ke damuna shi ne in sigina ta yi rauni FM shuuu zai riƙa yi kana dai jin labarai, shi DAB murya ce za ta kakkatse sai ɗif, ga cin batir. Matasa kuwa wayarsu suke kunnawa.