Zan iya rufe bedin lambuna da leda kafin damina?

Tambaya: Salamu alaikum malam. Ina da bedi uku da aka gina min da bulo a bayan gida a nan Hotoro, na tuge tumatir ɗin da na yi da sanyi yanzu ƙasar na zaune haka nan, ciyawa na fitowa, kaji da mage sun mayar da wurin nasu. Da na tuge na ga saiwar duk ta yi ƙulu-ƙulu. Wata ta ce in shimfiɗa baƙar leda in bar ta har in yi shuka a kai. Ya dace?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Toh rufewar dai ta dace, amma ba baƙar leda kike buƙata yanzu ba, kuma dalilina shi ne ƙulu-ƙulun nan da kika ambata a ƙarshe kamar ba komai ba, alhali shi ne babbar maganar. Wasu tsutsotsi ne ƙanana da ido ba ya gani suke shiga saiwa su kumbura ta, shi ya sa za ki ga tumatir yana yaushi da rana ko da kin ba shi ruwa da safe. Suna nan cikin ƙasar suna jira, kika saka kuɓewa ko barkono ko wani tumatir ɗin su ma haka za su yi musu.

Abin da za ki yi shi ne ki dafa ƙasar da rana. A Isra'ila aka fara bayyana dabarar a 1976, kuma gaskiya mu a Kano an ba mu kayan aikin kyauta, tunda daga ƙarshen Maris zuwa farkon Mayu zafi yana kai digiri 40 har ya wuce. Farar leda ake sakawa, ina nufin wadda ake hango abin da ke ƙarƙashinta, saboda hasken rana yana ratsa ta ya shiga ƙasa zafin kuma ya kasa fita, kamar dai motar da aka rufe gilasanta aka bari a rana a bakin kasuwar Kwari. Ƙasar sama-sama tana iya wuce digiri 50, wannan kuwa ya isa ya kashe yawancin tsutsar da ƙwayoyin cutar da ke sa shuka yaushi da kuma irin ciyawa. Baƙar leda ita kanta ce take ɗaukar zafin, ki taɓa ta ki ji kamar tanda amma abin da ke sauka ƙasa bai kai na farar ba, aikinta hana ciyawa haske ne kawai.

Ki fara tsince saiwoyin nan tas ki fitar da su, kar ki zuba cikin taki. In za ki saka takin awaki ko na kaji to yanzu ne lokacinsa, ki cakuɗa tun kafin rufewa don irin ciyawar da ke cikinsa shi ma ya dahu. Ki farfasa ƙasar ki baje ta sumul, sannan ki ba ta ruwa sosai ya sauka wajen santimita 30. Nan ne mutane suke kuskure wallahi, sai su ji tausayin kuɗin ɗan garuwa su rufe busasshiyar ƙasa, bayan wata guda su ce abin ƙarya ne. Danshi ne yake kai zafin ciki, kuma irin ciyawa in ya jiƙa ya fi saurin mutuwa. Sai ki ja ledar ta kwanta a jikin ƙasa, ki binne bakinta ta kowane gefe, ba ɗora dutse huɗu ba, in iska na shiga an yi aikin banza. In ta huje ki liƙe da salatif. Sati 4 zuwa 6 za ki bar ta, kina ɗan goge ƙura lokaci-lokaci.

Kar ki ce ban faɗa miki ba, aya-aya ba ta jin wannan magana, tsininta har huda leda yake yi, sai dai tonowa da hannu. Kuma gefen bulo ba ya yin zafi kamar tsakiya, tsutsar da ta yi ƙasa sosai ma tana tsira, rage ta za ki yi ba ƙarar da ita ba. Don haka bayan kin yaye ledar kar ki yi tono mai zurfi ki dawo da na ƙasa sama, kuma a zagayen farko ki saka masara ko albasa kafin ki koma kan tumatir.

Maganar barin leda a yi shuka a kai kuwa, da hunturu tana da amfani, daga Nuwamba zuwa Janairu baƙar leda mai huji tana riƙe danshi ta rage miki sayen ruwa. Amma da bazara saiwa za ta dahu a ƙarƙashinta, da damina kuma musamman Agusta ƙasar ba ta shan iska sai ruɓewa. Ni da kin tambaye ni abin da zan rufe ƙasa da shi a gindin shuka, buntun shinkafa zan ce ko ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa, kauri kamar yatsa uku, ki dai ɗan janye shi daga jikin karan kina duba gara.

Farar ledar kuma da lokacin ya cika ki cire ta da wuri tun tana ɗaukuwa, ranar Kano tana cinye ta ta fara marmashewa, in ta shiga ƙasar bedin tsince ta wahala ce. Kar ki ƙona a tsakar gida, kar kuma ki yar a lungu inda akuyar maƙwabta za ta haɗiye ko ruwan farko ya kai ta kwata. In ba ta yage ba ki wanke ki ninke ki ajiye a inuwa, baɗi ma za ta yi.