Amsoshin tambayoyinku: kafin a biya mai haɗa shafi cikon kuɗinsa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da leshi a Garwa. Yaron da ya haɗa mini shafin intanet ya cire layin da ke ƙarƙashin mahaɗai (rubutun da ake taɓawa ya kai mutum wani shafi), ya mai da su baƙaƙe kamar sauran rubutu, wai ya fi kyau. Yanzu masu saye suna cewa ba su san inda za su taɓa ba. In ba shi cikon kuɗinsa ko in dakata?

Amsa: Wa alaikumus salam. Hajiya, ki dakata tukuna, gyaran bai kai aikin wuni ba. Mutane sun saba da shuɗin rubutu mai layi a ƙasa, shi ke nuna musu wurin taɓawa. Zai ce miki layin yana fitowa idan an ɗora linzamin kwamfuta a kai. To masu sayenki da waya suke shiga, waya kuwa ba ta da linzami. Ya dawo da layin, launin kuma ya fita sosai a kan farin shafi. Ma'aunin WCAG, wato ƙa'idojin sauƙaƙa wa kowa amfani da shafi, na bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa shi ne aƙalla 4.5:1, wanda ya duba waya a cikin hasken ranar Garwa ya san amfaninsa.

Ki kuma gwada da hannunki. Ki danna mahaɗi ki riƙe: idan zaɓin kwafa ko buɗewa a sabon shafi ya fito, na gaske ne, da alamar HTML (harshen rubuta shafi) ta mahaɗi, wato "a" mai "href", aka yi shi. Idan shiru, ƙila alamar "div", wadda akwatin tsara shafi ce kawai, yaron ya yi wa kwalliya, irin wannan kuwa madannin Tab na kwamfuta, da ake bin mahaɗai da shi, yana tsallake shi, manhajar da ke karanta wa makafi shafi ma ba ta gane shi. Abin da ke kai mutum wani wuri mahaɗi ne. Wanda ke yin aiki, kamar tura oda, da alamar maɓalli, wato "button", ake yin sa. Wurin taɓawa ya kai fiksel (ma'aunin allo) 44 tsawo da faɗi, kada yatsa ya hau na kusa.

Tambaya: Malam, daga Injamena nake. Mahaɗin WhatsApp na shagona yana cewa lambar ba daidai ba ce.

Amsa: Alhaji, yawanci rubutun lambar ne. A adireshin mahaɗin, bayan wa.me/ sai 235, lambar ƙasar Chadi, sai lambarka a haɗe, ba +, ba 00, ba tazara. 'Yan Kamaru su sa 237.