Kada Ka Juye wa Kare Ragowar Miya

Ka ce Alhajin da kake kula wa da karnuka a unguwar Rayfield ta Jos ya ba da umarni a riƙa juye musu ragowar kicin, dafa-duka da miya da sauran tsire, ga shi suna ci suna guje-guje lafiya lau, to me ya sa na hana? Matso kusa, yarona, ka ji.

Albasa nake tsoro. Duk tukunyar da aka sauke a garin nan da ita a ciki, ka dai ga buhunan da ake saukewa a kasuwar Farin Gada. Ita da tafarnuwa da lawashi dangi ɗaya ne, kuma akwai sinadari a cikinsu da ke farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare da mage. Dahuwa ba ta kashe shi, suya ma haka. Garin tafarnuwa da ake zubawa a yaji ya fi ɗanyar ƙarfi, tunda an busar da ita.

Wannan lafiya lau da kake gani ita ce ke ruɗar mutane. Albasa ba ta nunawa a ranar. Sai an yi kwana 3 zuwa 5 ka tarar kare ya kwanta a lungu yana haki, ka kira shi ya ɗago kai ya mayar. Nan take ka ɗaga leɓensa na sama ka duba dasashi. Na mai lafiya ja-ja ne, na wannan kuwa za ka gan shi fari fat ko ya yi rawaya. Ka tsaya ka ga fitsarinsa, zai fito kamar baƙin shayi. Da yawa sai su ce cutar kaska ce, don alamun kusan ɗaya ne, a yi ta allura alhali ana ci gaba da zuba masa miyar. Kaɗan-kaɗan kullum ma taruwa take yi. Mage ta fi rauni: giram 5 a kan kowane kilo na nauyinta ya isa ya taɓa jininta, ke nan mage mai kilo 3 yanka ɗaya ya ishe ta.

Sai goro. Ba kowa ke kawo shi a rai ba, saboda cakulan aka fi ambata, amma abin da ke cikin cakulan yana cikin goro, ga sinadarin kafeyin mai hana barci a kai. Jikinka yana fitar da su da wuri, na kare kuwa yana daɗewa da su. Sai amai, zuciya ta yi ta bugawa, jiki na rawa, in abin ya yi yawa har farfaɗiya. Ka gaya wa mai gadi ya daina ajiye goronsa a kan benci, yara kuma su daina ba ɗan kwikwiyo ragowar Milo. Baƙin cakulan ya fi mai madara haɗari.

Inabi da zabibi ƙoda suke kashewa, kuma ba su da ma'auni: wani karen ya ci ya tsira, wani 'yan ƙwayoyi su kwantar da shi. Ka kula da kek ɗin biki da na Kirsimeti. Cingam marar sukari, in ka ga an rubuta xylitol a takardarsa, yana kayar da sukarin jinin kare cikin ƙasa da awa 1. Ƙullun fanke mai yis yana ci gaba da kumbura a ciki. Dafaffen ƙashin kaza tsagewa yake yi ya soki hanji. Madara kuwa gudawa take sa yawancin manyan maguna.

Wannan ba abinci ba ne, amma sai na faɗa: kada ka taɓa ba mage farasitamol. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Raina na ɓaci in na ga an yi haka, don da tausayi ake ba ta.

In ka kama kare ya ci ɗaya daga cikin waɗannan, ban yarda ka ɗura masa manja ko ruwan gishiri ba. Manjan na iya bi ta huhu, gishirin shi ma guba ne. Ka lura da abin da ya ci da yawansa da lokacin, ka ɗauki takardar ko ragowar, ka kai shi wurin likitan dabbobi tun bai nuna komai ba. A cikin awa 2 na farko ana iya sa shi amai a fitar da abin. Mu a Jos ba mu da uzuri, ga cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom tun 1924, ga likitoci a cikin gari.

Shi kuma Alhaji kada ka yi masa musu. Ka sami kuku ka roƙe shi ya riƙa ware farar shinkafa ko tuwo, ya dafa nama ko kifi daban ba albasa ba yaji, a cire ƙashi da ƙaya. In Alhajin ya tambaya, ka ce ni na sa ka, in kuma yana son bayani zan zo da kaina.